Kamfanoni Su Buɗe Ƙofar Makarantunsu Ga 'Yan Waje

Jama'a 'yan'uwa mazauna Kurmi, yau maganarmu a kan wani irin ilmi ce wanda manyan kamfanoni suke bai wa ma'aikatansu ta intanet. Yawancinsu suna da makaranta a cikin kwamfuta, inda ma'aikaci zai shiga da wayarsa ya saurari darasi, ya yi jarrabawa, a ba shi takardar shaida, bai ko tashi daga kujerarsa ba. To, madalla. Amma wane ne yake sayar da hajar kamfanin a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun? Ai ba mai kwat da ke ofis ba ne. Dillali ne, da wakili, da ɗan tireda, kuma da yawansu namu ne.

Mu ɗauki masu na'urar POS. Tun 2013 Babban Bankin Nijeriya ya fid da ƙa'idar aikin wakilan banki. Sa'an nan da aka canja fasalin naira a ƙarshen 2022, tsabar kuɗi ta yi wuya a farkon 2023, kowa ya ga cewa yaron nan mai laima da teburi a bakin kasuwa shi ne bankin talaka. Shi zai karɓi kuɗin mai tumatir a Mile 12 ya aika Kano ko Zariya kafin motar kaya ta juya. Amma sau da yawa iyakar abin da aka koya masa shi ne inda zai danna. Ba a koya masa yadda zai gane saƙon ƙarya na shigar kuɗi ba, ko abin da zai yi idan an cire kuɗi daga asusun mai ciniki amma na'ura ta ce bai wuce ba, ko dalilin da ya sa bai kamata ya karɓi lambar sirrin wani ba, ko da tsohuwa ce ta roƙe shi ya danna mata. Ranar da aka yi ɓarna kuwa, jarinsa ne zai tafi, wani lokaci ma har ya kwana a wurin 'yan sanda. Sunan kamfanin da ke jikin laimar shi ma ya ɓaci.

Abin da muke nema ba baƙo ba ne a duniya. Kamfanin Cisco na Amurka ya kafa makarantarsa tun 1997 domin koya wa 'yan waje aikin haɗa kwamfutoci, ba kuwa don sadaka ba: ya san wanda ya ƙware da kayansa shi zai riƙa sayensu. Darasin da aka riga aka shirya wa ma'aikata ɗari, idan aka buɗe shi ga wakilai dubu, abin da zai ƙaru na kashewa kaɗan ne.

Masu sayar da maganin ƙwari ma da su muke. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan magani a jikinsa. Mai sito da ya zuba wa wake maganin da ba na abinci ba, galibi ba mugunta ce ta sa shi ba, takardar jikin kwalbar ce da Turanci, da ƙananan baƙaƙe, ba wanda ya fassara masa.

Nan ne fa gizo ke saƙa. Idan an buɗe makarantar amma da Turancin ofis, to, an ba kurma rediyo. Lalle darasin ya zama da Hausa, da murya, gajere, wanda ba zai cinye kuɗin data ba, irin wanda mutum zai saurara tsakanin azahar da la'asar ciniki na tafiya. Kada kuma a cika shi da talla a kira shi koyarwa; ɗan kasuwa ya san bambanci.

Mu ma da namu laifin. Wasunmu ko an kira su horo kyauta sai su ce ba su da lokaci, alhali sun kwashe sa'a biyu suna kallon barkwanci a waya. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni suna da bakin da kamfani zai ji, domin ta hannunsu ake samun wakilai. Idan manajan yanki ya zo neman a ba shi yara masu riƙe na'ura, sai a tambaye shi ina darasinsu, da wane harshe, kuma wa zai ɗauki hasara idan na'urar ce ta yi kuskure. A rubuta amsar kafin a miƙa masa ko yaro ɗaya.