Sanarwar Bayan Taron Ƙungiyoyin Sa-kai Masu Kula da Marasa Matsuguni da Iyaye Mata da Shaye-shaye Ya Kama



Mu wakilan ƙungiyoyin sa-kai masu aikin farfaɗo da waɗanda shaye-shaye ya ɗaiɗaita mun yi zama na yini biyu a birnin Kano. Cikin mahalarta akwai likitocin ƙwaƙwalwa da ma'aikatan jinya da ungozomomi, akwai malaman addini da masu unguwanni da lauyoyi. Akwai kuma maza da mata da su kansu suka taɓa faɗawa wannan rami Allah ya fid da su, yanzu suke aiki tare da mu. Mun keɓe zaman ga rukuni biyu da aka fi mantawa da su duk lokacin da ake maganar ƙwaya: manyan da ba su da wurin kwana sai tasha da ƙarƙashin gada da rumfunan kasuwa, da kuma matan da ke fama da shaye-shaye alhali suna da goyo a baya ko yara a gabansu.

Taron ya fara da duba girman matsalar. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya cikin shekara guda. Miliyan 3 daga ciki suna Arewa maso Yamma, kuma a jihar Kano kaɗai sun haura miliyan ɗaya. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Wannan adadi na ƙarshe shi ya fi tsaya wa mahalarta a rai, domin duk wanda ya shiga gidajen gyaran hali da muke da su zai ga maza ne suka cika su. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna haka abin yake a duniya baki ɗaya: cikin maza bakwai da ƙwaya ta zame wa ciwo ɗaya ne ke samun magani, amma cikin mata sai an ƙirga goma sha takwas kafin a samu ɗaya.

To ina matan suke? Wannan tambaya ta cinye mana kusan yini guda, kuma ba mu yi da-na-sanin lokacin da ta ci ba.

Ma'aikatanmu da ke zagaya unguwanni sun ce amsar tana cikin tambayar da kowace uwa ke yi musu kafin ta yarda ta shiga mota: yaran nan fa, wa zan bar wa su? Wata ma'aikaciyar jinya ta ba taron labarin wata mata da ta tarar a bayan wata tashar mota. An sake ta, gidan iyayenta kuma an rufe mata ƙofa tun ranar da aka ga kwalaben kodin a ƙarƙashin katifarta. Tana wanke-wanke a wurin masu sayar da abinci, ladanta shi ne ƙanzon tukunya da ɗan abin da ba a rasa ba. Yarinyarta 'yar shekara biyar ce ke riƙe da ƙaninta a kan wani buhu da aka shimfiɗa. Matar ba ta musa cewa tana sha ba, kuma da bakinta ta ce ta gaji. An samar mata gado a wurin jinya, aka ce ta zo ita kaɗai domin ba a karɓar yara. Ta dubi yaran, ta yi godiya, ta koma bakin wanke-wankenta. Babu wanda ya ga laifinta a zauren taron.

Taron ya fahimci cewa abin da ke hana irin wannan uwa neman magani tsoro ne mai tushe. Tana tsoron tsohon miji ko danginsa su karɓe yaran da hujjar cewa ita 'yar ƙwaya ce, tana tsoron sunan ya bi 'ya'yanta mata har ranar da za a zo neman aurensu. Saurayi idan ya daina sha sai a ce ya shiryu, a yi masa aure. Mace kuwa tabon ba ya goguwa. Shi ya sa take ɓoye abin har sai ya ci ƙarfinta. Da yawansu ma ba da neman maye suka fara ba. Wata maganin tari aka ba ta, wata tiramol ta sha don ta iya aikatau daga asuba zuwa dare, wata ƙawa ce ta miƙa mata ƙwayar barci a lokacin da baƙin cikin kishiya ko na saki ya hana ta runtsawa.

Likitoci sun ja hankalin taron kan mata masu juna biyu, kuma muna roƙon a isar da wannan saƙo ga kowane gida. Mai cikin da jikinta ya saba da tiramol ko kodin, kada a tilasta mata dainawa dare ɗaya ba tare da likita ba, domin hakan na iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini. Jaririn da aka haifa a wannan hali yakan yi kuka marar tsayawa a kwanakin farko, jikinsa na karkarwa, ya ƙi kama nono, wani lokaci da gudawa. A gida sai a ce iska ce ko maita, a yi ta turare. Ciwo ne da asibiti ya san shi kuma yake da magani, kuma jaririn ya fi saurin samun sauƙi idan yana jikin uwarsa. Haka nan faɗuwa da jijjigar da yawan tiramol ke haddasawa, da wadda ke biyo bayan yanke ƙwayoyin barci kwatsam, ba sa buƙatar duka ko ɗauri.

Game da marasa matsuguni, maganar ba ta ɗauki lokaci ba, don kowa ya ga abin da idonsa. Ana ɗauko mutum daga tasha, a yi masa jinyar sati uku ko huɗu, jikinsa ya murmure, a sallame shi da leda ɗaya ta kaya. Daren farko ina zai kwana? Rumfar da ya baro, kusa da mai sayar masa da sholisho da wiwi, cikin abokan da suka san ya dawo. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta daɗe da bayyana cewa jinyar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta kaɗan ne, kuma kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinya sukan koma sha, kamar yadda hawan jini ke tashi bayan ya lafa. Idan haka ne ga mai gida da iyali, ina ga wanda bargonsa kwali ne a sanyin hunturu?

Taron ya yaba da matakan toshe hanyoyin ƙwaya. A watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan binciken da BBC ta watsa. A farkon 2024 an rufe shagunan magani na Sabon Gari domin 'yan kasuwar su koma cibiyar da aka gina a Dangwauro, inda za a iya sa ido. Hukumar NDLEA ƙarƙashin Janar Buba Marwa mai ritaya tana kame ba dare ba rana. Sai dai mun ga da idonmu cewa wanda jikinsa ya riga ya kamu, idan aka rufe masa wannan ƙofa wata yake nema. Da kodin ya yi tsada aka koma wasu ƙwayoyin da haɗe-haɗen da babu wanda ya san abin da ke cikinsu. Kame aikin hukuma ne kuma muna goyon bayansa, amma wanda aka bari a ƙasa yana makyarkyata shi ne rabonmu.

An yi muhawara mai zafi kan gidajen mari, kuma ba za mu ɓoye ba. Wasu dattawa sun tunatar da taron cewa iyaye ba don ƙeta suke kai 'ya'yansu can ba, sai don sun rasa inda za su dosa, kuɗin asibiti ya fi ƙarfinsu. Wannan gaskiya ne. Amma ba mu manta abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, ga kuma irinsa da aka gano a Daura bayan 'yan makonni. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kare mutuncin marar lafiya daga azabtarwa. Malaman da ke cikinmu su suka rufe wannan babi: addu'a da karatun Alƙur'ani da nasiha suna da babban gurbi a jinya, kuma za a ci gaba da su a gidajenmu, amma babu ƙungiyar da za ta zauna cikin wannan haɗaka tana ɗaure mutum ko dukansa.

Bayan wannan tattaunawa, taron ya cimma matsaya kamar haka.

Za mu haɗa ƙarfi mu buɗe gida na mata zalla inda uwa za ta yi jinya tare da yaranta ƙanana. Mata ne za su riƙe shi tun daga mai gadin ciki har zuwa shugaba. Za a ware ɗakin renon yara domin uwa ta samu sararin ganin likita da zaman shawara, waɗanda suka isa makaranta kuma a sa su a firamare da Islamiyya mafi kusa, ba tare da an bayyana wa kowa daga inda suke ba. Gidan ba zai ɗauki allo a ƙofa ba. Wannan shawara ta fito ne daga wata da ta warke, wadda ta ce allon da ke ƙofar wurin jinya ya fi ciwon kansa hana mata shiga. Kowace mai ciki za a haɗa ta da asibiti don awo, kuma likita ne kaɗai zai tsara yadda za a rage mata abin da take sha. Inda aka ga yaro na cikin haɗari a hannun uwarsa, za a nemi kaka ko gwaggo ko inna ta riƙe shi na ɗan lokaci da sanin hukumar jin daɗin jama'a, bisa tanadin dokar kare yara da jihar Kano ta samu a 2023, kuma uwar za ta riƙa ganinsa.

Ba za a ƙara sallamar marar matsuguni zuwa titi ba. Kafin ranar sallama dole a san inda zai kwana da abin da zai ci: ko an sasanta shi da danginsa ta hannun mai unguwa da limami, ko ya zauna a gidan wucin gadi na wata uku zuwa shida yana koyon sana'a. Mun roƙi ƙungiyoyin teloli da kafintoci da masu walda da masu gyaran waya su karɓi waɗannan bayin Allah a matsayin yaran shago, mu kuma za mu tsaya musu.

Wanda ya koma sha bayan jinya za a sake karɓarsa. Wasu wakilai sun nuna damuwa cewa gadajen ba su da yawa, bai kamata mutum ɗaya ya ci rabon biyu ba. Taron ya saurare su, amma rinjaye ya tafi kan cewa korar wanda ya zame ita ce ke mayar da shi inda ba a dawowa.

Kowace ƙungiya za ta ƙulla alaƙa a rubuce da asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa da ita, kamar na Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, domin babu mai aikin sa-kai da ya isa ya yi aikin likita. Za a kuma yi wa duk wanda aka karɓa tayin gwajin tarin fuka da ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki, da yardarsa kuma cikin sirri. An haramta ɗaukar hoton marasa lafiya ko na 'ya'yansu a sa a Facebook ko TikTok da sunan neman taimako.

Sai maganar kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, abin da ke ciyar da gida wata guda ba ya kai mako uku, kuma akwai ƙungiyoyin da suka rage gadaje saboda buhun shinkafa da masara. Muna kira ga Hukumar Zakka da Hubusi ta jihar Kano da attajiran kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau su tuna cewa matar da ke kwana a tasha da yara biyu tana cikin fakirai da miskinan da zakka ta wajaba a ba su, shaye-shayenta bai fitar da ita daga cikinsu ba. Mai gidan da ba kowa a ciki zai iya ba da shi wakafi. Daga ɓangarenmu, kowace ƙungiya za ta riƙa bayyana abin da ya shigo da abin da ya fita duk wata shida, domin mai bayarwa ya san inda dukiyarsa ta tafi.

Muna roƙon gwamnatocin jihohi su ware gadaje na mata a cibiyoyin gyaran hali da suke da su, su kuma ɗauke wa marasa galihu kuɗin jinya. Muna roƙon NDLEA da Hisbah da 'yan sanda, idan kame ya haɗa da mace mai goyo wadda sha take yi ba sayarwa ba, a kira mu kafin a wuce da ita. Ga limamanmu kuma, a yi wa iyaye huɗuba kan korar 'ya mace daga gida, domin yawancin waɗanda muke tsinta a titi daga ƙofar gidan ubansu tafiyar ta fara.

Taron ya kafa kwamiti na mutum bakwai, huɗu daga ciki mata, da zai nemo gidan da za a fara da shi, ya tsara kasafin shekarar farko, ya kawo rahoto a zama na gaba nan da wata uku. 

Sa hannu:
Shugaban Taro
Sakatariyar Taro
A madadin ƙungiyoyin da suka halarta