Tsohon gurup na bukatar ƙwaƙwalwa, kuma a Damagaram za a iya haɗa ta

Tun da Najeriya ta katse wa Nijar wutar lantarki a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, injin gazwal ya ƙara daraja a jihar Damagaram. A Mirriya, mai walda da mai sayar da ƙanƙara sun san cewa ranar da wutar NIGELEC ta ɗauke, tsohon gurup ne ke ciyar da gida. Gazwal dai a jiharmu ake tace shi, a matatar SORAZ, tun 2011. Matsalar ita ce injin ya riƙe gudu daidai.

Yawancin manyan gurup sai sun riƙe juyi 1,500 a minti ɗaya kafin wutar ta fito yadda firiji da famfo ke so. Da mai walda ya ɗana sanda sai gudun ya faɗi, fitila ta dushe; da ya ɗaga sai injin ya zabura. Mai hana wannan ita ce na'urar daidaita gudu, ta ƙarafa masu juyi da sifirin, dabarar da James Watt ya sa wa injin tururi tun 1788. In ta tsufa, kayan mutane ne ke ƙonewa.

A yau ana iya maye gurbinta da ƴar ƙwaƙwalwar lantarki irin Arduino, wadda ba ta kai tafin hannu ba. Ana kafa na'urar maganaɗisu kusa da haƙoran babban faifan injin tana ƙirga juyi. Ƙwaƙwalwar sai ta gwada lissafin da 1,500, ta umarci ƙaramin mota ya ja ko ya saki hannun famfon mai. Matashin da ya iya gyaran salula zai iya koyon wannan, kuma ya kamata ya koya.

Masu cewa wasa da wuta ne suna da hujja. Injin gazwal ba shi da fulogi, sai an toshe masa mai ko iska yake mutuwa. In wayar ƙirga juyi ta tsinke, ƙwaƙwalwar da aka tsara da ganganci za ta ɗauka injin ya tsaya, ta buɗe mai gaba ɗaya, ya yi ta gudu har ya tarwatse a kan wanda ke kusa. Don haka dole a tsara ta yadda da saƙo ya ɓace za ta rufe mai, a sa sifirin mai mayar da hannun famfo baya, a kuma tanadi marfin toshe iska.

Irin wannan gwaji ba a kan gurup ɗin maƙwabci ake yin sa ba. Jami'ar André Salifou da cibiyoyin koyon sana'a na jihar su ware inji ɗaya na gwaji, su haɗa ɗalibai da tsofaffin makanikai, domin ɗalibi ya san lissafi, makanike kuwa da kunne yake gane ciwon inji.

Ku kuma ƴan uwa da ke Kano, Agadas, Libiya ko Faransa, in za ku yi wa ƙani tsaraba, ku haɗa da Arduino da mitar awon wuta. Kuɗinsu bai kai na babbar salula ba, kuma sana'a ce kuka aiko gida.