A Mayar wa Kogi Huruminsa

Duk lokacin da aka tayar da zancen kare fadamu a ƙasar nan, hankali yakan tafi Hadeja da Nguru. Akwai dalili: tun shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 take karewa, Baturiya kuma ta biyo baya a 2008. Sai dai wani sashe na ruwan da ke raya waɗannan fadamu daga yammacin Kano yake tasowa. Rafukan Gwarzo da Kabo da Ƙaraye suna zuba cikin Kogin Challawa, shi kuma ya haɗu da Kogin Kano, su ratsa Wudil su nufi Hadeja. Abin da ya lalace a sama, na ƙasa ne zai sha shi.

A kan waɗannan rafuka aka gina madatsun Guzu-Guzu da Magaga da Pada, ga kuma babbar madatsar Challawa da aka kammala a 1992. Babbar abokiyar gabar madatsa ita ce laka. Idan aka sare itatuwan gaɓa, aka nome har bakin ruwa, masu tifa kuma suka kwashe yashin gindin rafi, ruwan damina yakan zaizaye ƙasa ya jibge ta cikin madatsa. Kowace shekara cikinta yana cikewa, ruwan da take riƙe wa mai noman rani yana raguwa. Kifi ya rasa ciyayin da yake ƙwai a cikinsu, rijiyoyin fadama su ja baya. Birnin Kano ma bai tsira ba, domin daga wannan kogi matatar Challawa take ɗiban ruwan famfo.

Maganin ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun san hurumi, sun san burtali da makiyaya, filayen da ba mai sa musu garma. Malaman fiƙihu sun yi bayanin harimin rijiya da na kogi, kuma Manzon Allah (SAW) da kansa ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina. Dajin Falgore, wanda Kogin Kano yake ratsawa kafin ya isa Tiga, irin wannan aiki yake yi wa waccan madatsa.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna da ƙananan hukumomi ikon keɓe fili don amfanin jama'a. Abin da ya rage shi ne su zauna da hakimai da dagatai, a shata iyaka a gaɓar kowane rafi da kewayen kowace madatsa, a rubuta, a kafa alama, a hana haƙar yashi a cikinta.

Mai gona a bakin rafi zai ce da me zai ci? Tambayarsa tana kan hanya, domin wanda aka raba da gonarsa babu diyya shi ne zai fara tuge alamar. A biya shi haƙƙinsa, ko a bar masa wurin bisa sharaɗin ya dasa mangwaro da gwaba da giginya maimakon huɗa, amfanin ya zama nasa. Saiwar itace za ta riƙe gaɓa, shi kuma ya zama mai gadinta.

Yashe madatsar da ta cike aikin maƙudan kuɗi ne. Shata mata hurumi tun yanzu kuwa, igiyar awo da amincewar dagaci sun isa a fara.