Wa Zai Tsaya wa Lebura a Gurda Ranar Biya?

Ɗan ci-ranin da ya sauka Sabha, a kudancin Libiya, ba ya rasa inda zai sa haƙarƙarinsa. A Gurda da unguwannin da ke kusa da ita, irin su Mahdiyya da Manshiyya, 'yan gari ɗaya ne ke haɗa kuɗi su kama ɗaki: mutanen Tawa a nan, na Damagaram ko Maraɗi a can, ga kuma Kanawa da Katsinawa. Su ke ciyar da baƙo har ya sami aiki. In ya kwanta ciwo a yi masa karo-karo, in ya rasu a sayi likkafani a kira gida, in an tsare shi a nemi kuɗin fansa. Babu mai hankalin da zai raina wannan zumunci. Sai dai kusan duk abin da ake tarawa yana fita ne bayan ɓarna ta auku, alhali wurin da lebura ya fi buƙatar 'yan'uwansa shi ne ranar da ya gama aiki ya miƙa hannu a biya shi.

Dalilin a fili yake. Dokar Libiya mai lamba 19 ta 2010 ta mai da shiga ƙasar ba izini laifi mai ɗauri ko tara, don haka wanda aka cinye wa haƙƙi ba ya iya kai ƙara, domin ofishin da zai je shi ne zai fara tambayarsa takarda. Mai gona ko mai gini ya san haka. Sai a yi jinga da baki, a yi wata biyu ana ban ruwa ko ɗora bulo, ranar biya a ce banki babu kuɗi. Wani lokaci ma gaskiya ce, tunda ƙarancin takardun kuɗi ya daɗe yana addabar kudancin Libiya, amma bashin da ba shi da shaida da wuya ya dawo. Abin da ya shigo hannu kuma darajarsa na zagwanyewa: an karya dinari a Janairun 2021, aka sake karya shi a Afrilun 2025. Lebura ba shi da asusun banki, kuɗinsa na cikin aljihu ko ƙarƙashin katifa, kuma ɓarayi sun sani.

Mutumin da aka hana ladansa shi ne wanda gidan bashi, inda ake tsare baƙo sai an biya fansa, ke jira. Tun a Afrilun 2017 hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta ba da rahoton yadda ake sayar da baƙi a Sabha, ana tsare su a gidaje ana sa su kiran dangi a turo kuɗi. Ba za a ce wa uwa kada ta fanshi ɗanta ba. Amma kowace fansa da aka biya tana tabbatar wa mai gidan cewa sana'arsa na ci. Da kaso ɗaya na wannan kuɗi ya tafi wajen biya wa sabon zuwa cikon kuɗin mota kafin direba ya miƙa shi ga wani, da an rage masu shiga wannan rami tun farko.

Abin da ake nema ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja ba kotu ce ta tsare musu dukiya ba. Maigidan da ke saukar da su a zango shi ke tsayawa shaida a ciniki, shi ya san wanda ke biyan bashi da wanda ba ya biya, kuma wanda ya ci amana sau ɗaya kasuwa ta rufe masa. Yau wayar hannu ta sauƙaƙa wannan. Kowace jinga a yi ta gaban shaidu biyu, a rubuta ta a littafin jaliya, wato ƙungiyar 'yan gari ɗaya, a naɗi muryar mai aikin yana faɗin farashi. Wanda ya hana lada a sanar da kowane ɗaki kada a je masa. Gonakin Fezzan da gine-ginen Sabha da hannun baƙi suke tafiya, kuma mai dabinon da ya rasa masu cira a kakarsa zai gane darajar cika alkawari. Limamai da dattawan unguwa na Libiyawa ma suna da rawa a nan, tunda hukuncin cin gumin ɗan ƙwadago ba ɓoyayye ba ne a addinin da ɓangarorin biyu ke bi.

Za a ce wannan aikin gwamnati ne. Haka ne, kuma a ƙarshen Nuwamban 2021 Nijar da Libiya sun sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar tsara zuwan ma'aikata. To amma gwamnatin Tarabulus ce ta sa hannun, Sabha kuwa tana hannun dakarun Khalifa Haftar tun Janairun 2019, kuma mai shebur a bakin titi ba zai jira a sasanta wannan ba. Wasu kuma na ganin kyautata wa lebura kwaɗaitar da matasa ne su ƙetara hamada. Dokar Nijar ta 2015 da ta haramta jigilar baƙi ba ta rufe hanyar Agadas zuwa Dirku da Gatrun ba, sai dai ta ƙara tsada da haɗari, har aka soke ta a Nuwamban 2023. Yunwar rani ce ke tura mutane, kuma ba ta tambayar ko akwai littafi a Gurda.

Sukar da ta fi nauyi daga cikin gida take. Na farko, littafi mai sunaye zai iya zama jerin waɗanda za a kama, kuma tsoron ba na banza ba ne, tunda a farkon Janairun 2025 an sauke 'yan Nijar fiye da 600 a Dirku bayan an koro su daga Libiya. Amsar ita ce a rubuta laƙabi da garin mutum kawai, a ajiye kwafi a gida, domin wanda aka kora ba shiri shi ya fi kowa buƙatar wanda zai karɓo masa bashinsa. Na biyu, wasu masu faɗa a ji a cikin baƙin su ne dillalan da ke samo wa mai gona ma'aikata suna yankar rabonsu, kuma irin wannan ba zai taɓa hana a je wa abokin cinikinsa ba. Saboda haka mai samo aiki kada ya riƙe asusu, mai asusu kuma ya karanta lissafi a bainar jama'a duk ƙarshen wata. Ƙungiyoyin ci gaban gari a Tawa da Damagaram da Katsina, waɗanda kuɗin Libiya ke gina wa masallatai da rijiyoyi, su ya kamata su riƙe kwafin nan, su kuma tambayi wakilinsu a Sabha jinga nawa aka biya, nawa aka danne.