Maganin Ciwon Daji da Manoman Kadawa

A watan Yuli na 2025 Gwamnatin Tarayya ta buɗe sabuwar cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Katsina, bayan wadda aka ƙaddamar a Giginyu, cikin birnin Kano, a Janairun 2023. Lalle wannan abin farin ciki ne, gama ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta nuna mutum wajen 128,000 suka kamu da cutar a Nijeriya a shekarar, kusan 80,000 kuwa suka rasu. Amma abin da muke so mu duba shi ne, ina rabon manomin Garun Mallam da Kura da Bunkure a cikin waɗannan gine-gine?

Magani dai akwai shi. In ƙari bai yaɗu ba, likita yakan yi aiki ya cire shi, sau da yawa kuma a warke sarai. In ya fara tafiya, sai a haɗa da magunguna masu ƙarfi da ake ɗurawa ta jijiya, ko kuwa gashi da na'ura, irin wanda aka daɗe ana zuwa Shika, ta Zariya, dominsa. Wani sankaran mama ma ana bin sa da ƙwayar Tamoxifen har shekara 5 ko fiye. To, amma duk wannan zaɓi na wanda ya zo da wuri ne. Wanda ya makara, galibi abin da ya rage masa shi ne maganin rage zafi, ko da yake shi ma wannan ba abin rainawa ba ne.

Me ke kawo makara? Da farko akwai maganar nan da ta kafu a ƙauyukanmu, wai daji ba ya son allura. Sai mace ta ji ƙullutu a mama ta ɓoye, a yi ta shafe-shafe, wanzami ya tsaga, har wata shida ya wuce. Alhali likita ba ya iya tabbatar da irin ciwon sai ya ɗebi ɗan nama an gwada. Gwajin nan ba shi ke watsa cutar ba, jinkiri ne.

Sa'an nan ga kuɗi. Gashi ba na yini guda ba ne, kwana 5 ake yi a mako, har makonni da dama. Mutumin da ruwan Tiga ya ɗaure shi a gonar shinkafa, wanda kuɗinsa ba ya zuwa sai an kai tumatir Kwanar Gafan, yaya zai biya mota da masauki da abincin mai jinya? Gwamnati ta kafa asusun taimakon masu ciwon daji a 2021, domin sankaran mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, kuma asibitin Shika na cikin shida na farko. Manoma nawa ne suka ji labarinsa?

A ganinmu, aikin da ya fi gaggawa yana asibitin Kura da ƙananan ɗakunan shan magani: a horar da ma'aikata su gane alamun, su tura mutum birni da takarda ba tare da ɓata lokaci ba. Mu ma malamai muna da namu kason. Tun Oktoban 2023 ake yi wa 'yan mata rigakafin sankaran bakin mahaifa kyauta, an fara da masu shekara 9 zuwa 14, kuma uba yakan tambayi malamin makaranta kafin ya yarda a taɓa 'yarsa. Ya kamata kowane ɗalibin kwalejin horon malamai ya fita da amsar a bakinsa.