Ƙirƙirarriyar basira ta karɓi aikin leƙen ƙwayoyin zarra

A shekarar 1981 ne Gerd Binnig da Heinrich Rohrer na kamfanin IBM a birnin Zurich suka ƙera na'urar da ta ba masana damar ganin ƙwayoyin zarra ɗaiɗai a saman ƙarfe ko silikon, aikin da ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 1986.

Na'urar ba ta aiki da gilashi. Wata siririyar allura ce ke bin saman abu ba tare da ta taɓa shi ba, tana auna 'yar wutar lantarkin da ke tsallakawa tsakaninsu, kwamfuta kuma ta mayar da awon hoto.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsinin allurar. Ana son ya ƙare da ƙwayar zarra guda tak, kuma da zarar ya dakushe ko ya ɗauki datti sai hoton ya ɓaci. Kamar yadda almajiri kan tsaya ya fiƙe alƙalami kafin ya ci gaba da rubutu, haka mai bincike kan shafe sa'o'i yana gyaran tsinin.

Wannan wahalar ce aka fara ɗora wa kwamfuta.

A 2018 Mohammad Rashidi da Robert Wolkow na Jami'ar Alberta a Kanada suka koya wa wata manhaja gane dakusasshen tsini daga hoto, ta kuma gyara shi da kanta. A 2020 masana a Jami'ar Monash ta Ostareliya da takwarorinsu na Jamus suka fito da DeepSPM, wadda ta yi kwanaki tana zaɓen wurin dubawa tana ɗaukar hotuna ba sa hannun mutum.

Lamarin bai yi nisa da talaka kamar yadda ake zato ba. Ingancin farantin sola da batirin wayar da ake caji a shagunan Kademi ya danganta ne da abin da ke faruwa a saman sinadaran da aka yi su da su.

To sai dai manhajar ta rage buƙatar ƙwararren hannu ne kawai. Irin wannan aiki na buƙatar akwatin da aka zuƙe iskarsa, da tsananin sanyi, da ɗakin da ba ya girgiza, da wutar da ba ta ɗaukewa, alhali babban layin lantarkin Najeriya ya faɗi sau da dama a 2024 kaɗai.

Don haka ƙofar da ta fi kusa da ɗaliban Gaya da Ajingi da ke Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil ita ce ta nazarin hotunan, ba ta mallakar na'urar ba. Masu DeepSPM sun saki manhajarsu kyauta a intanet, kuma karanta ta ba ya buƙatar fiye da kwamfutar tafi-da-gidanka.