Jarumar Da Ba Ta Gumi

Wannan makon ni aka bai wa fili, kuma tun kafin na fara ina neman afuwar duk wanda zan taka wa sawu. Da yawanmu za mu ga kanmu a ciki, ni ma ban tsira ba.

A watan nan labarai bakwai 'yan ƙungiyarmu suka turo mini na duba. A shida daga ciki, an gabatar mana da gashin jaruma kafin a faɗa mana ko garin su. Baƙi wuluk, mai santsi, yana sheƙi, ya zubo har gadon baya kamar na 'yan Indiya. Da ɗankwali ya zame sai jarumi ya sandare a tsaye. A uku kuwa, jarumar ta tashi da safe ta shiga ɗakin motsa jiki na gidan mahaifinta, ta yi awa guda tana gudu a kan inji, ta sauko tana ƙamshi, ta kaɗa gashin gefe guda, ta karɓi kofin shayi. Awa guda fa! Ko raɓa babu a goshinta.

Ɗaya daga cikin masu labaran nan 'yar Gumel ce kamar ni, har unguwarsu na sani. Ta san a watan Afrilu ma'aunin zafi yakan haura 40, ko a inuwar darbejiya kike zaune sai kin ji gumi yana bin ƙeyarki. To a ina ta samo kan da ba ya jiƙewa?

Na san amsar da za a ba ni: ai ƙagaggen labari ne, a bar mutane su yi mafarki. Da ni ma haka nake cewa, sai da abin ya shigo gidanmu.

Ƙanwata 'yar tsere ce. Tun tana firamare ba a kamo ta, a sakandare kuma duk shekara sai ta ciwo kofi a gudun mita 400. Tana shiga ajin ƙarshe sai ta daina. Na tambaye ta, ta ce ƙafa ce ke damun ta. Ban yarda ba, don na ga yadda take tsallake kwata in an aike ta. Sai da muka keɓe wata rana ina yi mata tsifa ta faɗa mini gaskiya. A hutun da ya wuce an yi mata shamfo, wato man nan na miƙar da gashi, an kai ta salun an gyara, kuma ta lura gudu ɗaya ya isa ya lalata gyaran mako guda. Ƙari a kan haka, wata a ɗakin kwanansu ta toshe hanci ta ce kanta yana tsami. Na fara yi mata faɗa, sai ta ɗago ta ce, “Yaya, a duk littattafan da kuke rubutawa, wace jaruma kika taɓa gani tana gumi?”

Bakina ya mutu. A labarin da na fara rubutawa ina shekarar farko ta difloma, mutum ɗaya ce ta yi gumi daga farko har ƙarshe, ita ce 'yar aiki.

Ku je ku duba naku. Wa ke gumi a rubutunmu? 'Yar aiki, 'yar ƙauye, 'yar talla, sai muguwar kishiya da muke so mai karatu ya tsana. In muna so mu nuna mace ba ta waye ba, hanya mafi sauƙi ita ce mu ce kanta ya yi wata uku babu kitso yana tashin tsami. A haka muka ɗaure gumi da ƙazanta da talauci a igiya ɗaya, muka miƙa wa 'yan mata masu shekara sha biyar suna karantawa a wayar iyayensu da dare. Alhali daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, matan da suka haifi masu karatunmu da gumi suke wuni: surfe, daka, ɗebo ruwa, ɓarar zoɓorodo, kakkaɓar riɗi bayan an yanke. Duk buhun riɗin da kuka ga ana lodawa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, sai da ɗankwalin wata ya jiƙe sharkaf kafin ya cika. Waɗannan su muka mayar abin dariya, muka ɗauko wata da ba ta taɓa wanzuwa ba muka ce ita ce mace.

Kada a ɗauka ƙaramin abu ne ko na gidanmu kaɗai. A Amurka, masu bincike na jami'ar Wake Forest sun tambayi mata baƙar fata 103, sakamakon ya fito a 2013: kusan kashi 38 cikin ɗari sun ce sukan fasa motsa jiki saboda gashi. Kafin nan, a 2011, babbar likitar gwamnatin ƙasar, Regina Benjamin, sai da ta je taron masu gyaran gashi a birnin Atlanta don ta yi magana a kan wannan. A 2012 kuwa, Gabby Douglas, yarinya 'yar shekara 16, ta ci zinare a gasar Olamfik ta Landan, amma abin da wasu suka tsaya tattaunawa a intanet shi ne wai gashinta bai kwanta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, matashi kuma awa guda kullum. Mu nan da hawan jini da ciwon suga suka zama ruwan dare a dangi, muna rubuta wa 'yan mata cewa kyakkyawa ba ta zufa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ba ƙarya kawai muke yi ba, jahilci ne muke ɓoyewa. Ba mu rubuta kan da ya yi gumi ba ne saboda ba mu san abin da ake yi masa ba, ko kuma mun sani muna ganin bai kai a sa a littafi ba.

Gumi ruwa ne da gishiri, shi kansa ba shi da wani wari. Tsamin yana zuwa ne in ya haɗu da maiƙon fatar kai aka rufe shi da danshi, ƙwayoyin halittar da ke zaune a fata suka samu wurin shagali. Ke nan laifin ba na gudu ba ne, na rufewa ne. Yarinya ta dawo daga fili kanta a jiƙe, ta ɗora hular roba mai santsi, ta ɗora ɗankwali, ta zumbula hijabi mai kauri, ta wuni a haka, gobe ma ta mayar da hular ba wanki. Ko kan wa aka yi wa haka sai ya yi tsami, har da na jarumar Indiyan. Abin da ake bukata kaɗan ne: in an shigo gida a cire komai kai ya sha iska ya bushe kafin a sake rufewa, abin da ke taɓa gashi ya zama na auduga mai tsotse gumi, kuma a riƙa wanke shi kamar yadda ake wanke ɗan kamfai. Mukan wanke hijabi saboda ana gani, mu bar hular ciki saboda ba a gani.

Gishirin kuma shi ne mai busar da gashi. Gashinmu a murɗe yake, maiƙon fata ba ya iya gangarowa har jela kamar yadda yake yi a miƙaƙƙen gashi, don haka dama can a bushe yake. In gishiri ya kwanta a kai ya bushe, sai karyewa. Maganin ba sabulu kullum ba ne, sabulu kullum ƙara busarwa yake yi. Ɗauraya ce da ruwa zalla, a bi tsagin kitso da yatsu, a tsane da tsumma mai laushi ba tare da dirza ba. Wanki da sabulu sau ɗaya a mako ya wadatar ga yawancin mutane. Kar a ce mini babu ruwa. Na san jarka saye ake yi a wajen 'yan garuwa, amma ɗaurayar kan da ke da kitso ba ta cinye buta ɗaya.

Sai maganar mai. Nan ne muke tafka kuskure da kyakkyawar niyya. Kai ya yi gumi, yana ƙaiƙayi, sai a kwaso basilin a lafta a tsagi. In lokacin hunturu ne, ƙurar da ke tasowa daga arewa ta zo ta manne, an yi kwaɓin ƙasa a kai ke nan. Amosani kuwa maiƙo yake so. Mai na gashi ne ba na fata ba: ɗan man kaɗanya ko man alayyadi, a shafa a jikin kitson da jelarsa yana da sauran danshi, shi ke nan.

Kakata ba ta taɓa shiga salun ba, amma ta fi mu sanin wannan. Karkashi take jiƙawa, wanda muke miya da shi, ta tace yauƙin ta wanke mana kai. Yauƙin nan yana sa gashin da ya cukurkuɗe ya warware ba tare da mataji ya tsinke rabinsa ba, a fara da yatsu, a taje daga jela a hauro. Ganyen da ke fitowa da kansa a gefen gonakinmu da damina, shi ne yau ake ƙullawa a leda da sunansa na Chadi, ambunu, ana sayar wa mata baƙar fata a Turai da Amurka. Su suna nema da kuɗi, mu muna jin kunyar sa shi a labari.

Kitso kuma, 'yar gudu ba ta bukatar ƙanana masu ɗaure fuska. Kitson da ya hana ki barci daren farko, ko ya fito da ƙuraje a bakin goshi, cin gaban kai yake yi a hankali, in aka daɗe ana yi ma gashin ba ya dawowa. A haɗa shi da nauyin atach ko wul yana kaɗawa ana gudu, ga shamfo da ya riga ya raunana gashin (da yawansu da irin sodar da ake haɗa sabulu ake yin su), sai ki ga yarinya 'yar ashirin tana jawo ɗankwali har gira. Kalaba manya ko shuku sassauƙa sun fi, don ruwa yana ratsa su, iska ma haka.

Maza, kada ku zame ku ce zancen mata ne. Na ga ƙannenmu suna tashi daga ƙwallon yamma a jiƙe, a watsa ruwa a fuska, a kifa hular da ta shekara ba ta ga wanki ba a tafi sallar magariba. Mataji ɗaya ya zagaye 'yan wasa sha ɗaya. Maƙeron da ke cin kan yara ta haka yake yawo, ta hula da mataji da kayan askin da ba a tsaftace ba, kuma ba man goge baki ke kashe shi ba, maganin sha yake bukata daga asibiti. Amma jarumin littafinku kullum sumarsa a kwance take luf kamar ta Balarabe, ko daga filin dambe ya fito.

Wata za ta ce, to ina 'yar Gumel za ta je ta yi gudu da hijabi mutane suna kallo? Tsakar gida ta isa tsallen igiya. Tafiyar sassarfa zuwa makaranta ko gidan Goggo motsa jiki ce. Kuma rufe kai bai hana ba: tun 2014 aka amince mata su buga ƙwallon ƙafa da lulluɓi a wasannin duniya, a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya ta mata da hijabinta. Na tabbata da ta koma ɗaki cirewa ta yi ta bar kanta ya sha iska.

Ban ce ku mayar da labarin soyayya darasin kiwon lafiya ba, Allah ya kiyaye. Cewa nake muna zubar da dukiya. Chimamanda Adichie ta buɗe littafinta Americanah na 2013 da mace za ta je kitso, kuma daga kujerar mai kitson nan take komawa baya tana warware rayuwar jarumar. Mu muna da abin da ya fi kujera. Muna da tabarma, da kan da aka kifa tsakanin gwiwoyin makitsiya, da kibiya tana tsaga, da ranƙwashi in an motsa, da hirar da ba a yin ta sai a wannan zaman saboda ba a kallon ido. A irin zaman nan ƙanwata ta faɗa mini abin da ta yi wata uku tana ɓoyewa. Wane ɗakin motsa jiki na gidan mai kuɗi ne zai ba ku wannan?

Ba ta koma tseren ba. Ta gama makaranta, kofunanta uku suna saman kabad ɗin Inna tare da kwanukan da ba a amfani da su.

Labaran nan uku na mayar wa masu su da tambaya ɗaya a gefen shafi: bayan ta sauko daga injin, me ta yi da kanta? Biyu ba su amsa ba har yanzu. Ta ukun, 'yar garinmu, ta turo mini saƙo da tsakar dare cewa ta cire injin gaba ɗaya, yanzu jarumar tsallen igiya take yi a bayan ɗaki kafin gari ya waye, amma ta rasa yadda za ta yi da jarumin, don a babi na huɗu zai shigo ya same ta da rabin tsifa. Na ce mata ta bar shi ya shigo.